Yadda Babba Zai Koyi Sana'a a Damagaram, Ya Haɗa da Karatu da Lissafi

Duk shekara, da zarar an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, tashoshin mota na Damagaram kan cika da samari da magidanta masu tafiya cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Da yawansu ƙarfinsu kawai suke ɗauka su tafi da shi, shi ya sa duk inda suka sauka, aikin da ya fi wahala kuma ya fi ƙarancin lada shi ne rabonsu. Na shafe shekaru ina koyar da manya karatu da dare a unguwar Zango, kuma a cikin waɗanda suka zauna a gabana akwai teloli da masu walda da ƴan kabu-kabu da mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Abin da zama da su ya koya mini shi ne, sana'ar hannu da karatu tare ya kamata a neme su, domin wanda ya iya aiki amma bai iya rubuta awo da kuɗi ba, wani ne zai riƙa cin guminsa. Shawarar da ke biye ta babba ce, namiji ko mace, wanda bai taɓa shiga lakol ba ko ya fita tun yana aji uku ko huɗu, kuma yanzu yake neman abin da zai riƙe shi a gida.

Kada ka zaɓi sana'a a majalisar shayi, inda kowa ke yabon abin da ya ji ana samu. Ka ware mako guda ka yi yawon kallo. Ka je Kasuwar Dole ranar Alhamis, ka bi layin masu gyaran babur, ka leƙa rumfunan dukawa, ka zauna kusa da masu gyaran salula, ka lura da wurin da mutane ke tsaye suna jiran a yi musu aiki da wurin da masu aikin ne ke zaune suna jiran mutane. Garinmu yana da buƙatun da kowa ya sani. Ƙarancin ruwa tsohuwar matsala ce a nan, don haka mai haɗa bututu da tanki da mai gyaran injin ruwa ba sa rasa kira. Faifan hasken rana ya shiga gidaje da shaguna da lambuna, kuma masu iya haɗa shi yadda ya dace ba su kai yawan masu sayensa ba. Babura da adaidaita kullum ƙaruwa suke yi, kowane kuwa sai ya ga bakanike. Ɗinki sana'a ce mai albarka, sai dai masu yin ta sun yi yawa, kuma kasuwarta kan cika ne gab da Sallah ta ja baya in an wuce, saboda haka wanda zai shige ta ya yi niyyar ƙwarewa a wani fanni guda, kamar aikin wuya ko kayan makaranta ko labule.

Samari da dama kan ce mini burinsu shi ne matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Buri ne mai kyau, amma ina gaya musu gaskiya cewa irin wannan ma'aikata takardar shaida take tambaya kafin ta dubi hannun mutum, kuma guraben da ke cikinta ba za su ɗauke ko samarin unguwa guda ba. Ka zaɓi abin da za ka iya ci da shi ko da ba wanda ya ɗauke ka aiki. Kafin ka tsayar da magana, ka tambayi masu sana'ar nawa ne kuɗin kayan aikin farko, ko aikin yana tsayawa in an ɗauke wuta, da kuma yadda suke yi a watannin da ba ciniki. Wanda ya amsa maka wannan tambaya ta ƙarshe ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ka riƙe shi, domin irinsa ne ya dace ya koya maka.

Wuraren koyo iri biyu ne, kuma ba dole ba ne ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. Akwai shagon maigida, hanyar da iyaye da kakanni suka bi, inda ake koyo a kan aikin gaske da abokan ciniki na gaske. Akwai kuma cibiyoyin gwamnati na koyar da sana'o'i, waɗanda aka fi sani da CFM, da ke cikin komin-komin, wato ƙananan hukumomi, da dama na jihar, inda ake koyar da ɗinki da kafinta da walda da kanikanci da wutar lantarki bisa tsari, a yi jarrabawa a ba da takarda. Asusun FAFPA, wanda gwamnati ta kafa don tallafa wa koyon sana'a, yakan ɗauki nauyin horo na gajeren lokaci, yakan kuma tallafa wa tsarin da mai koyo ke raba lokacinsa tsakanin shago da aji. A ganina wannan tsari na raba lokaci shi ya fi dacewa da magidanci, domin shago yana ba shi saurin hannu, aji kuma yana ba shi dalilin abin da hannun ke yi. Birnin Damagaram yana da gundumomi 5, kowace da ofishin magajin garinta. Ka fara tambaya daga can, ka kuma riƙa sauraron sanarwa a rediyo, domin guraben horo kan cika da wuri. Kusan ko'ina za a nemi takardar haihuwa da hotuna. In ba ka da takardar haihuwa, kotu tana ba da wadda ke maye gurbinta, kuma gara ka fara neman ta tun yau, kada sai sanarwa ta fito ka shiga gudu.

Yanzu ga wurin da na fi son mai karatu ya tsaya, wato yarjejeniya da maigida. A nan ne na taɓa yin kuskuren da har yanzu nake jin nauyinsa. Na ɗauki ɗan yayana na kai shi wani shagon walda, na gaisa da mai shagon, na ce masa, "Maigida, ga ɗanka nan na kawo maka amana." Ya ce, "Malam, ba komai, ai ɗa na kowa ne." Muka yi addu'a na tafi, ban tambayi komai ba, don ina ganin tambaya za ta zama kamar rashin yarda. Bayan shekara biyu na je na tarar yaron ya ƙware a goge ƙarfe da shafa fenti da sayo abinci, amma bai taɓa riƙe abin walda ya haɗa ƙarfe biyu da kansa ba. Da na yi magana, mai shagon ya ce shi ma haka aka yi masa, kuma ban ga alamar mugunta a tare da shi ba. Laifin nawa ne, domin ban faɗi abin da nake so ba tun ranar farko, alhali Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Don haka ka je da babba guda daga cikin danginku da wani shaida da maigidan ke jin nauyinsa, kamar limamin unguwa ko mai unguwa ko shugaban masu sana'ar. Bayan gaisuwa, a faɗi abubuwan nan a fili cikin ladabi: tsawon lokacin koyo, abin da mai koyo zai iya yi da hannunsa bayan wata shida da kuma bayan shekara, lokacin zuwa da na tashi, ko akwai kuɗin koyo da yadda za a biya, ko akwai kuɗin abinci ko na sabulu daga wajen maigida, wanda zai ɗauki nauyin magani in an ji rauni a bakin aiki, da yadda za a yi yaye in lokaci ya cika. In mai koyon manomi ne, a yi maganar damina tun yanzu, a san makonnin da zai tafi shuka da noma da girbi, kada ranar ta zo a ce ya gudu. A kuma roƙi a sake shi da wuri a ranakun da yake zuwa ajin karatu. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta san da yarjejeniyar koyon sana'a, ta ce a rubuta ta, ta kuma hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki ko da da sunan koyo ne. Ba sai an yi doguwar takarda da Faransanci ba kafin amfanin rubutu ya bayyana. Shafi guda da Hausa, da boko ko da ajami, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, kowa ya riƙe nasa, ya ishi a koma gare shi ranar da aka sami saɓani. Maigidan kirki ba ya ƙin wannan, domin shi ma takardar tana kare shi daga mai koyon da zai kwashe ilimi a wata takwas ya buɗe shago a gabansa.

Magidanci mai shekara talatin ko arba'in zai tarar da yara ƙanana sun riga shi shiga shagon, kuma su ne za su nuna masa yadda ake riƙe sifana. Wannan yana da ɗaci, kuma shi ne ke korar manya da yawa a watan farko. Ka shirya masa zuciya tun daga gida. Ka girmama wanda ya riga ka ko da ka haife shi, ka yi shara in juyinka ne, amma kada ka ji kunyar cewa, "Maigida, a ba ni in gwada wannan a gabanka, in na ɓata a gyara mini." Babba yana da abin da yaro ba shi da shi, wato ya san dalilin zuwansa, kuma masu koyarwa suna lura da hakan.

Sai karatu. Yaƙi da jahilci a harsunan ƙasa ba sabon abu ba ne a Nijar, an fara shi tun farkon shekarun 1960, kuma a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa, wanda ke matsayin tsarin mulki, ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Saboda haka wanda ya koyi karatu da Hausa ba ƙaramin karatu ya yi ba. Azuzuwan manya galibi da rani ake buɗe su, bayan an kawar da aikin gona, wasu ƙarƙashin ofishin yaƙi da jahilci, wasu ƙarƙashin ƙungiyoyi. In babu aji kusa da kai, ku haɗu ku goma ko goma sha biyar ku nemi malamin makaranta a unguwa, ku yi masa ɗan ihsani a wata, ya zauna da ku bayan sallar isha'i. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya yi rabin tafiya, domin ya san cewa alama tana ɗauke da sauti, ya saba da zama da maimaitawa. Abin da ya rage masa shi ne sabon baƙi da kuma juya hannu daga hagu zuwa dama. A lura da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, tun daga farko, domin su ne ke raba baƙi da baki, su raba ƙafa da kafa.

Abin da nake roƙon kowane mai koyon sana'a shi ne ya kawo sana'arsa cikin aji. Kada ka jira sai ka iya karanta labari kafin ka fara amfani da alƙalami. A makon farko ka koyi rubuta sunanka da lambobi daga 0 zuwa 9. Daga nan ka roƙi malam ya rubuta maka kalmomi ashirin na aikinka. Tela ya fara da tsawo, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, ƙugu. Bakanike ya koyi karanta lambobin da ke jikin sifana, 10 da 12 da 14 da 17, ya san cewa faɗin kan noti suke nunawa da milimita. Mai haɗa faifan rana ya san alamar + da ta −, ya san bambancin batir mai ƙarfin bolt 12 da wutar gida mai bolt 220, domin a wannan aiki rashin karatu yana ƙona kayan mutane, yana iya kuma taɓa rai. Kowa kuma ya sayi abin awo na mita ya riƙa yawo da shi a aljihu, ya auna ƙofar ɗakinsa da tabarmarsa da tagar masallaci, har idonsa ya saba da cewa santimita 100 ne mita guda, kuma ƙananan zanen da ke tsakanin lamba da lamba milimita ne, goma-goma.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mu, wanda ban taɓa samun ajin da bai faɗa cikinsa ba. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, takarda kuwa da sefa take magana, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Abin da baki ke kira dala ashirin, a rubuce 100 ne. Dala ɗari ita ce 500. Dala ɗari biyu ita ce jika guda, wato 1000. Wata ɗalibata mai sayar da man gyaɗa, dattijuwa mai kaifin lissafin ka, ta fara rubuta bashin da take bi a littafi, sai ta zo mini da shi ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, littafin nan cuta ta yake yi." Na ce, "Inna, mu gani." Ashe duk inda aka ci mata bashin dala ɗari da hamsin, sai ta rubuta 150, jikanta ɗan lakol kuma da ya zo tara mata sai ya karanta shi a matsayin sefa, kuɗin ya koma kashi ɗaya cikin biyar na abin da take bi. Muka zauna muka bi layi-layi, muka mai da kowane 150 ya zama 750. Tun daga ranar na kafa ƙa'ida a ajina: a baki ka faɗi dala yadda ka saba, amma a littafi ka rubuta lambar da ke jikin takardar kuɗi, ba wata ba. In za ka rubuta, ka ninka dala sau biyar. In za ka faɗa, ka raba lambar gida biyar. Ka yi ta gwada wannan da kuɗin cefane har ya zauna, domin ranar da za ka aika kuɗi ta salula ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, lambar sefa za a nema, kuma sifiri guda da ya ƙaru ko ya ragu ba ƙaramar asara ba ce.

Da ka iya lambobi, ka sayi littafi mai rahusa ka raba kowane shafi gida huɗu: rana, sunan mai aiki da abin da ya kawo, abin da ya bayar, abin da ya rage. Ka fara wannan tun kana yaron shago, ko da aikin ba naka ba ne, da izinin maigida, domin hannu ya saba. A bayan littafin kuma ka riƙa rubuta abin da ka koya a kowane mako, ko da kalma uku ce. Wannan shafi shi ne zai nuna maka ko yarjejeniyar da aka yi tana tafiya. In wata biyu suka wuce ba ka ƙara komai a kansa ba, lokaci ya yi da za ka koma wa shaidunka a yi magana cikin mutunci.

Littafin nan kuma shi ne zai koya maka yanka farashi, wanda a nan ne sababbin masu sana'a suka fi karyewa. A ce an ba ka aikin ƙofar ƙarfe, ka sayi ƙarfe na 18,000, sandar walda ta 2,000, fenti na 1,500, ka biya ɗan dako 500. Ka kashe 22,000 ke nan. In ka karɓi 25,000 kana murnar ribar jika uku, ka manta da wutar da ka ƙona ko man injin, da hayar rumfa, da faifan yankan da ya cinye, da abincin yaron da ya taya ka, da kwana biyun da ka yi a kai. In aka cire waɗannan, sau da yawa sai a tarar kyauta ka yi aikin. Lambobin nan misali ne kawai, farashi yana canzawa, amma hanyar ba ta canzawa: kayan aiki daban, kuɗin shago daban, ladan hannu daban, kuma a karɓi kuɗin kaya kafin a fara, a rubuta a gaban mai shi.

Ga mata, duk abin da na faɗa ya shafe su, sai dai lokacinsu ya fi na maza tsada. Gara a nemi aji ko wurin koyo na cikin unguwa, tsakanin azahar da la'asar, a kuma yi magana da miji da uwar miji tun farko domin a san wanda zai kula da yara a waɗannan sa'o'i. Kada kuma a ɗauka ɗinki da saƙa da sabulu ne iyakar abin da mace za ta koya. Gyaran salula da aikin kwamfuta ba sa buƙatar ƙarfin damtse.

In koyo ya kammala, kada ka tafi hannu sake. Ka roƙi maigida ya rubuta maka shaidar cewa ka yi shekara kaza a wurinsa kuma ka iya kaza da kaza, shaidun farko su sa hannu. In ta cibiya ka bi, ka zauna jarrabawa ka karɓi takardarka, kuma wanda karatunsa ya yi nisa yana iya neman CAP, takardar ƙwarewar sana'a da ma'aikatu suka sani. Ka kai sunanka hukumar ANPE mai kula da masu neman aiki ka karɓi katinta, ka kuma shiga ƙungiyar masu sana'arka, domin ta nan ne labarin kwangila da na ƙarin horo ke fara biyowa.

Jari kuwa, ban cika son mutum ya fara da bashi mai nauyi ba. Ka fara sayen kayan aiki ɗaya-ɗaya tun kana koyo, yau guduma, wata mai zuwa sifana biyu, ka ajiye a akwati mai makulli. Adashi yana sayen keken ɗinki in an yi shi da mutanen kirki, kuma tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ya nuna yadda zubin mako-mako ke zama jari in akwai mai rubutawa da masu riƙon makulli. A watannin farko ba sai ka kama shago ba. Kana iya roƙon tsohon maigidanka ya bar maka gefen rumfarsa kana ba shi wani kaso da kuka amince a kai, ko ka yi aiki a zauren gida, har littafinka ya nuna maka wata uku a jere cewa abin da ke shigowa zai biya haya ya kuma bar na cefane. Ranar da ka ga haka a rubuce, sai ka je neman rumfa, kuma ka tafi da littafin a hannunka domin ka san iyakar hayar da za ka iya amsawa.